Ranar Ƙarshen Sulu a Dutsen Hada

Jiya jikata tana fasa ƙanƙara a turmi za ta zuba a lemo, ƙarar ta iske ni har ɗaki, sai na ajiye carbina na kasa ci gaba. Kai mai karatu, kada ka ce tsohuwa ta rikice. Mu da aka haifa a Makka mun san ƙanƙara tun kafin a kawo firji, amma sai mun hau dutse muke ganinta.

Gidanmu a unguwar Tandabawi yake, ɗakuna biyu na dutse da rumfar kwano, kakarmu ce mai mulkinsa. Mu haifaffun nan Sitti muke ce mata. Da ƙafarta ta zo daga ƙasar Katsina tana budurwa, kuma ba ta bari kowa ya manta da wannan ba ko na yini ɗaya. A wurinta mutane iri biyu ne, wanda ya tako da wanda aka haifa a kan tabarma. Mu na biyun ta kan kira mu 'ya'yan shayi.

Duk shekara idan sanyi ya fara ja da baya, ta kan kwashe mu mu hau Dutsen Hada, can hanyar Ɗa'ifa, aikin tsinkar furen wardi. Tafiyar yini biyu ce, jakuna a gaba, birai suna leƙenmu daga kan duwatsu. A can masu hali na Makka suke da gidajen shan iska, mu kuma a bukka muke a bayan gona. Wardi da sassafe ake tsinkarsa, da raɓa a jikinsa, kafin rana ta sha ƙamshin. Yatsu su ƙage don sanyi, ƙaya ta yi ta cinka, manomi yana ta yalla yalla, wato maza-maza, a bayanka.

Abin da ke sa mu jure shi ne sulu. A wannan lokaci hadari kan taso ya zubar da ƙanƙara, ta taru a wani kwazazzabo mai gangara da rana ba ta cika shiga ba. Mu kan samu tsohuwar salka wadda ta daina riƙe ruwa, mu zauna a kai, mu ɗaga ƙafa, sai ƙasa. Iska ta cika maka baki, idonka ya yi ta hawaye, ka sauka ka sake hawa. Amma sulu yana da doka, kuma kowane yaro a dutsen ya san ta. Kafin ka zauna sai ka jefa dutse. Idan ya yi tsalle ya gangara, ƙanƙara ta kama, sai ka bi shi. Idan ya nutse, ka ɗauki salkarka ka koma gida, don saman fari ne kawai, ƙasan ruwa ya cinye, duwatsu suna nan a tsaye kamar haƙora. A ƙarshen lokaci, da hantsi ya wuce, dutse ba ya tsalle.

Shekarar da nake ba ka labari ina da kamar goma sha ɗaya. A shekarar ɗan baffana ya iso daga ƙasar Katsina, inda baffa ya koma tun yana saurayi ya yi aure. Shekara uku suka yi a hanya, ta Chadi da Sudan, uwarsa ta rasu a can, shi da baffa suka ƙaraso. Sa'ana ne, siriri, mai yawan murmushi, ba ya jin Larabci ko kalma. Sitti ta duba ƙafafunsa da suka tsattsage ta fashe da kuka. Daga ranar kullum da yamma sai ta zaunar da shi ta shafa musu man shanu da hannunta. Ni da na shekara biyar ina ɗaukar mata buta, ko kaina ba ta taɓa shafawa ba.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Madina. Sitti ta daɗe tana cewa bayan wardin bana za ta bi ayari ta yi ziyara, kuma jika ɗaya za ta ɗauka ya riƙe mata kaya. Kowa a gida ya san ni ce. Har na ɗinka jakar da zan rataya. Muna kan dutsen, ana cin abinci, ta ce:

"Yaron nan zan tafi da shi. Madina ba ta 'ya'yan shayi ba ce, ƙafa take so."

Shi kuwa ya dube ni yana murmushi, yana zaton zan taya shi murna. Na tsane shi a lokacin, tsana irin wadda ban sake yi wa wani mahaluki ba.

Shi bai taɓa yin sulu ba. Mu da an gama tsinka muke sulalewa kwazazzabo, shi kuma sai ya tsaya ya kai kwanduna wurin da ake dafa wardi, har azahar, don a ce yaron kirki. Kullum ya kan tambaye ni yadda abin yake. Ana saura kwana biyu mu sauko aka yi ƙanƙarar ƙarshe, 'yar kaɗan, mai haɗe da ruwa. Da safe ma da ƙyar ta kama, yara biyu suka gwada suka haƙura. Bayan azahar na same shi yana wanke hannu, na ce ya zo in koya masa kafin ta narke.

Muka hau mu biyu. Rana ta riga ta leƙa cikin kwazazzabon, ina jin ruwa yana gudu a ƙarƙashi. Hannuna da kansa ya ɗauki dutse don sabo, na jefa. Ya nutse, ko ƙara bai yi ba.

"Me ya sa kika jefa?" ya tambaye ni.

"Haka ake yi. Idan ya nutse ta yi laushi ke nan, ba za ka ji ciwo ba."

Na shimfiɗa masa salka. Na nuna masa yadda zai miƙe ƙafa gaba. Ya ce bismillah, ni kuma na tura shi da hannu biyu.

Ba zan ce maka ban san abin da zai faru ba. Abin da na yi ta gaya wa kaina shi ne zai ɗan gurɗe, ya yi sati biyu yana ɗingishi, ayari ya tashi. Ya yi rabin gangaren yana dariya, sai ƙanƙarar ta rufta, ƙafarsa ta hagu ta shige tsakanin duwatsu biyu, jikinsa kuma ya ci gaba. Daga sama na ji ƙarar ƙashin.

Babu kowa a kusa. Na sauka na zaro ƙafar, na goya shi a bayana, yana cizon kafaɗata don azaba, har bukka. Ina tafe ina kuka, kuma har yau ban san ko kukan tausayi ba ne ko na tsoro.

Maɗorin ƙauyen ya ɗaure ta da kara da tsumma, aka ɗora shi a jaki yini biyu ana girgiza shi har Makka. Da aka kwance, ƙafar ta warke a karkace, ta fi ɗayar gajarta. Sitti ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta tsaya a kansa ta ce:

"Ka tako duniya lafiya, ka zo ka zubar da ƙafa a wasan banza. Ya hasara."

Daga ranar ba ta sake shafa masa mai ba. Ko zama kusa da shi ta daina, kamar akuyar da ta ƙi ɗanta. Da ayari ya tashi ni na rataya jakata na bi ta. Ya rarrafo bakin ƙofa ya ce in gaida masa Manzo. Na je Madina, na yi salla a Rauda, na ci dabino, kuma kada in yi maka ƙarya, na ji daɗin tafiyar.

Aikin dako ko jan ruwa, da samarinmu suke ci da shi, bai yiwu masa ba. A zaune ya yi rayuwarsa, yana gasa tsire a bakin layi, shekara fiye da hamsin. Duk wanda ya tambayi ƙafar, labari ɗaya yake bayarwa: shi ne ya yi wauta, 'yar'uwarsa kuma ta goyo shi daga kan dutse, yarinya ƙarama, ba ta ajiye shi ba ko sau ɗaya. A gabana yake faɗa, a wurin suna da biki, mutane su juyo su dube ni suna sa mini albarka.

Yanzu an fasa dutsen an yi titi, mota awa ɗaya take kai ka, har da wasu akwatuna da ke ɗaukar mutane a kan waya su yi ta kallon ƙasa. Tandabawi da na sani ta tafi, yaranmu Hausar ma sai an matsa musu. Duk wanda ya san ranar nan ya rasu. Shi ma ya rasu shekara uku da suka wuce. Na je duba shi sau huɗu yana jinya, kowane zuwa da niyyar in faɗa masa, kowane zuwa in tambayi jiki in tashi.

Bayan an share makoki babbar 'yarsa ta zo ta sumbaci kaina, ta ce wasiyyar da ya bar musu ita ce kada su yar da ni, don ni na cece shi. Ba su karya wasiyyar ba. Duk Juma'a sai sun aiko mini da abinci, da zafinsa, ni kuma in sa hannu in ci.