Fankar Surukina

A ƙarshen shekarun casa'in mijina ya sayo tsofaffin kwamfutoci biyu, ya haɗa su da dogon kebul ta saman katangar gidanmu a Nukkai. Ƙaramar tana ɗakina. Babbar, wadda ke ajiye duk fayilolinmu da na'urar buga takarda, ya kai ta ɗakin mahaifinsa, wai can ne ba ya yoyo. Injiniya ke nan. Ya tuna da ruwan sama, ya manta cewa ni surukar Fulani ce, ko inuwar ƙofar ɗakin nan ba na takawa.

Ranar da ya tafi Yola kwas, tambayoyin jarrabawar ɗalibaina suna cikin babbar, kuma washegari da safe shugabar makarantarmu ke jiran su. Na buɗe foldar da muke rabawa, kwamfuta ta ce ba ta ga 'yar'uwarta ba. Na kashe na kunna. Na sake rubuta kalmar sirri a hankali kamar mai koyon baƙi. Na duba sunan rukunin da ya haɗa su, daidai yake. Na ɗauki kujera na bi kebul a kan katanga ina neman inda ɓera ya ci, maƙwabciya tana leƙena tana tambaya ko shanya nake gyarawa. Raina ya ɓaci, har na fara zagin mijina a zuci.

Kebul ya kai ni gindin tagar Baba, sai na ji fanka tana juyawa. Soket ɗaya ne a ɗakin. Tsoho ya ji zafin Jalingo ya ishe shi, ya zare kwamfutar ya sa fankarsa, kuma wallahi da gaskiyarsa.

Gyaran bai fi a miƙa hannu ba. Amma tun da aka kawo ni gidan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma daga nesa, ina durƙushe. Na yi ta kaiwa da komowa a tsakar gida har la'asar. Daga ƙarshe na durƙusa a bayan labule, na faɗa wa ƙofa cewa aikin makaranta yana cikin injin, injin kuma yana son wuta.

Can Baba ya yi gyaran murya, shi ma ya faɗa wa bango: “Ashe abin yana aiki ne ko ba kowa a gabansa? To. Ba a sani ba.”

Kafin in koma ɗaki folda ta dawo. Na aika takarduna zuwa na'urar bugawa, da magariba na same su a jere a bakin ƙofata, an danne su da dutse.

Aikin bai ɗauke ni rabin awa ba, amma kunya ta hana ni komawa in ce na gama. Shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Sai da mijina ya dawo bayan mako biyu ya tarar da tsoho zaune cikin gumi yana fifita da murfin kwano, kwamfuta na ta ruri a gefensa, ba mai amfani da ita.