Ranar da Bunyaminu Ya Ƙi Kaɗa Taken Cindo

A Bagudo, in hira ta ƙare wa maza a rumfar mahauta, akwai gardamar da suke jawowa don kada baki ya huta: tsakanin Cindo da Riskuwa, wa ya fi wani a dambe? Waɗanda ba su taɓa ɗaure hannu da zare ba, su suka fi kowa ɗaga murya. Mutum ɗaya ne yake da bakin magana a kai, shi kuwa in an tambaye shi sai ya sunkuya ya ci gaba da saƙar tabarmarsa. Sunansa Bunyaminu, kuma a da makaɗin 'yan dambe ne.

Kiɗa gadon gidansu ne, kalangun ubansa ya tashi ya tarar rataye a zaure. A wancan zamani, da an kai gero rumbu mahauta ke ɗaukar hanya gari zuwa gari, su yanka su sayar, da la'asar su yi dambe, makaɗi na biye da su. Kowane gwarzo da takensa, wato kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai. Al'adar yankin kuwa ba ta da sassauci. Babban ɗan dambe ba ya shiga fage sai makaɗinsa ya kira shi da take, in kuwa an kaɗa ba ya zama, ko da zazzaɓi yake. Wani makaɗi kuma ba ya taɓa taken da ba shi ya yi ba muddin mai shi na da rai. Bunyaminu ne ya yi wa Cindo nasa tun suna samari, ranar da Cindo ya fara kashe ƙato a Sharabi. Kisa a dambe shi ne a kai mutum ƙasa.

Cindo gajere ne, mai kaurin wuya, ba ya rawa ba ya kuri. Sai ya miƙa hannun hagu ya tsaya yana kallonka, har 'yan kallo su fara tsaki, sannan ya saki dama sau ɗaya kowa ya tafi gida. Ba ƙarfi ne makaminsa ba, ido ne. Riskuwa kuwa mutumin Lolo ne, can ƙetaren kogin Kwara, dogo, bahago, yana duka yana dariya. Ba ya jiran ka ba shi dama, shi ke ƙirƙirar ta, ya ruɗa ka da ƙafa ya sauke maka hagu ta inda ba ka zata ba. Ya sha ƙetarawa Dahome ya kashe mazan ƙabilar Dendi a gaban 'yan matansu, ya dawo yana kwaikwayon maganarsu. Ya yaye samari masu yawa. Cindo bai yaye ko ɗaya ba, wai abin da ya sani ba a faɗarsa da baki. Su biyun ba su taɓa karawa ba. Lokacin da Cindo ke ganiyarsa Riskuwa bai kai a haɗa su ba, da ya kai kuma kullum sai wani abu ya gifta.

Daminar da aka yi ta zancen Turawa za su tafi, wata rana Bunyaminu da Cindo suna dawowa daga Sharabi a ƙafa. Bunyaminu yana tafiya ta hannun daman Cindo, ya ɓare goro ya miƙa masa. Suka yi tafiya mai nisa hannu na miƙe, Cindo bai karɓa ba, bai kuma ce ya ƙoshi ba. Bunyaminu ya kawo goron har kusa da kuncinsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Nan Bunyaminu ya gane idon dama ba ya gani. Ya ce, "Cindo, tun yaushe?"

Cindo ya tsaya, ya juyo da fuskarsa duka kafin ya ga goron. Ya ce, "Tun damben bara. Wani ɗan Gaya yat taɓa ni nan. In ka gaya ma kowa, ban yahe maka ba har gaban Allah."

Bunyaminu ya rantse ba zai faɗa ba. Rantsuwar da ta zame masa kaya ke nan.

Da aka samu mulkin kai, kaka ta yi kyau, manyan yanki suka ce ba bikin da zai cika sai an raba tsohuwar gardama. Aka sa rana a kasuwar Lolo. Kowa na murna, ban da Bunyaminu. Ya san hagun Riskuwa a kuncin dama take sauka, gefen da Cindo ba ya ganin komai. In ta sauka yadda ta saba, ko dai a ɗauko gawa, ko girgizar ta tafi da idon da ya rage. Mahaucin da ba ya gani kuwa ya rabu da wuƙa, ga Mariyamu matarsa da ƙananan yara.

A cikin jirgin da ya ƙetare da su Kwara Bunyaminu ya matsa kusa da Cindo ya rage murya. "Bahago na, Cindo. Ta inda ba ka gani za shi zo maka."

Cindo ya ce, "Aikinka kiɗi, nau duka. Kowa shi yi nashi."

Lolo ta cika ta batse. Har daga Dahome mutane sun zo, wasu a kan bishiya suka samu wuri. Makaɗin Riskuwa ya kaɗa, Riskuwa ya fito yana zagaya fage, layu na rawa a damtsensa. Sannan wuri ya yi tsit, idanu suka koma kan Bunyaminu. Cindo na zaune an ɗaure masa hannu, ya ɗan karkata kai don ya ji da kyau.

Bunyaminu ya matse kalangu a hammata ya ɗaga gula. Ya dubi abokinsa na shekara da shekaru, ya ga idon daman a buɗe tangararas kamar lafiyayye. Sai ya sauke gular ya soke ta a ɗamararsa, ya juya ya keta taron ya fita.

Ihu ya tashi. Cindo ya miƙe a fusace zai shiga ba kira, Ɗanmusa sarkin fawa ya tare shi da sanda, ya ce ba a fara wannan a kansa ba. Riskuwa ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon Cindo, sannan ya sa haƙori ya fara warware zarensa. Ya ce, "Ba ni bugun wanda makaɗinai yaƙ ƙi kira." Ko ya hango wani abu, ko al'ada kawai ya bi, bai taɓa faɗa ba.

Mutane kuwa, ka san halinsu. Kafin jirgi ya dawo Bagudo labari ya riga shi isa: wai Cindo ne ya tsorata, ya haɗa baki da makaɗinsa. Kalma ɗaya daga bakin Bunyaminu za ta wanke shi, amma rantsuwa ta ɗaure kalmar, Cindo kuma ya fi son a ce masa matsoraci da a ji tausayinsa. A bakin ruwa ya faɗa wa Bunyaminu magana ɗaya: "Ka bar man ido, ka ɗauke man suna." Daga nan bai ƙara amsa gaisuwarsa ba.

Ba ɗan damben da ya sake neman Bunyaminu, don wa zai yarda da makaɗin da ke ajiye gula a tsakiyar fage? Ya mayar da kalangu zaure ya kama saƙar tabarma. Kowace safiya yana wuce teburin Cindo ya yi sallama, wuƙa ta ci gaba da aikinta. Abin yana cin ransa ƙwarai, sai dai in ya ga Cindo ya raba nama daidai, ko ya hango ɗiyarsa daga nesa ya kira sunanta, yakan ji sanyi kaɗan. Bai taɓa cewa ya yi daidai ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba.

'Yan shekaru bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da Cindo. Wata hantsi Mariyamu ta zo zaure da kanta ta ce, "Shina kiranka. Ya ce ka zo da kalangu."

Fatar ta bushe, sai da ya shafa mata mai ya ja tsirkiya. Ya shiga ɗakin ya tsaya a daman gado, inda ya saba tsayawa. Cindo ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Ya ce, "Ba nan ba. Zagayo ta hagu in gan ka."

Bunyaminu ya zagaya. Idon da ya rage ya tsaya a kansa, ya dube shi sama da ƙasa. Sannan Bunyaminu ya kaɗa taken, a hankali da farko, har hannu ya tuna hanyarsa. Damar Cindo ta dunƙule a kan zane. Ya dafa gwiwar hannu, ya yunƙura, ya yunƙura, har ya zauna da kansa, abin da Mariyamu ta ce ya daɗe bai yi ba.

Yana haki ya ce, "Da ka kaɗa wanga rannan, da na kashe Riskuwa."

Hawaye na zuba a kan fatar kalangu, Bunyaminu ya ce, "Da ka kashe shi, Cindo."

Wannan ce kaɗai amsar da ya taɓa bayarwa a kan gardamar, kuma mutum biyu ne suka ji ta, Cindo da Mariyamu. Bayan an kai Cindo makwancinsa, samarin da Riskuwa ya yaye suka zo ta'aziyya, wani cikinsu ya roƙe shi ya kaɗa musu taken ko sau ɗaya su ji. Bunyaminu ya ce a'a, ba a kiran mutumin da ba zai iya tashi ba.