Yaya Sule Ofareta da Motarshi Mai Kujera Ɗaya

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen filin ƙwallon makarantar kwana ta Dutsin-Ma da safe, in dai damina ce, ya ga Yaya Sule da bokitinshi. Kai a sunkuye, hannu ɗaya a baya, yana taka filin daga wannan raga zuwa waccan kamar wanda ya yar da allura. Dutse, ƙusa, guntun waya, ƙashi, marfin kwalba, duk abin da idonshi ya sauka a kai sai ka ji ƙarar bokiti. Sai ya gama kaf sannan zai buɗe rumfa ya fito da motar yankan ciyawa, jar nan da ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Wai wuƙar da ke ƙarƙashinta in ta ɗauki dutse, harbo shi take yi kamar daga majajjawa. Kuma abin da ya tsinto ba ya zubarwa. Duwatsun ya jibge su bayan rumfa, ƙusoshi da wayoyi kuwa ya kwaso su gida Kurfi, ya cika ɗakin marigayi mahaifinmu da su. Ni na share ɗakin nan bayan rasuwar Yaya Sule, har yau bayana bai koma daidai ba.

Shi ya sa raina ya ɓaci wajen zaman makoki da na ji wata tana cewa wai Malam Sule mutum ne mai sauƙin kai. Sauƙin kai? Yaya Sule? Ku ji tsoron Allah, ƙarya ba ta ƙara wa mamaci lada. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni ke bi mashi, na fi kowa sanin shi. Mutumin kirki ne, wannan ba mai musu. Amma kafiya, ko jaki a bakin gada sai dai ya sara mashi.

Da can da yake yankan ciyawar makarantar da langalanga, ana iya magana da shi. Ranar da aka sayo motar nan aka koya mashi aka miƙa mashi makulli, ranar muka shiga uku. Ya hana a ce mashi lebura, ya hana a ce mashi direba, wai shi ofareta ne. Makullin ya ɗaure da igiya ya rataya a wuya kamar laya. Kuma magana ɗaya ya riƙe, kun san ta, don ba wanda bai sha ta ba: "Wuƙa ba ta da ɗan'uwa."

Ranar da ɗiyata Rabi ta yi haihuwar fari, bayan an sha wuya har an fara zancen yi mata tiyata, na kira shi na kira shi, waya a kashe. Ba ya hawa motar da waya, wai tana raba hankali. Ni kuwa murna ta hana ni zama, na ce kawun yarinya ba zai ji a bakin wani ba. Na hau mota daga Kurfi har Dutsin-Ma, na shiga makarantar, na hango shi tsakiyar fili yana ta aiki. Na nufe shi ina ɗaga mayafi.

Yana hango ni ya ɗaga hannu, ya nuna mani gindin wata bishiyar bedi can nesa. Na ƙi tsayawa. Ya sake nunawa, fuska a murtuke. Dole na koma. Ya tsayar da wuƙa, ya taka birki, ya kashe inji, ya zare makulli, sannan ya zauna yana kasa kunne har ƙarfen ya daina juyawa. Ya sauko, ya cire tabarau, ya zare audugar da ya toshe kunnuwanshi da ita, ya tako a hankali kamar mai zuwa karɓar sarauta.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Yaya. Rabi ce ta sauka, an samu namiji."

"Masha Allah. Ita da abin da ta haifa lafiya?"

"Lafiya lau."

"To mi ya shigo da ke fili ina aiki, kuma da silifa?"

Na ce, "Albishir fa na kawo maka."

Ya ce, "Da dutse ya fasa maki ido, da wane idon za ki kalli jikan? Wuƙa ba ta da ɗan'uwa, Binta. Zauna nan in ƙarasa gefen can, jinjirin ai ba inda za shi."

Tukwicin albishir ɗina ke nan. Ragon suna shi ya saya, ƙato, ban ɓoye ba. Amma wannan bai goge wancan ba.

Wani zuwan kuma, lokacin da gwiwata ta matsa mani, na biya mashi bayan na fito kasuwa. Na iske shi can ƙarshen fili ya tashi daga aiki, zai mayar da motar rumfa, rumfar kuwa kusa da ƙofar fita take. Na ce Allah ya yanke mani wahala.

"Yaya, ɗan rage mani hanya zuwa ƙofa."

Ya ce, "Kujera nawa kika gani?"

"Ɗaya."

"To wanda ya ƙera ta bai san da zuwanki ba."

"Sai in tsaya a baya in dafa kafaɗarka. Tafiyar nawa take?"

"In kika zame kika faɗa ƙarƙashi, in ce wa mijinki mi? Kawo jakar dai."

Ya karɓi jakata mai kuka da daddawa ya rataya, wai ita ko ta faɗi ba ta da ƙashin karyewa. Haka muka taho, shi a kan mota can gefe, wuƙa a kashe, yana tafe sannu sannu, ni ina ɗingishi cikin rana, ɗalibai suna leƙowa ta taga. Har da ɗaga murya yana ce mani, "Ki kula, akwai rami gabanki." Daddawata ta hau motar Yaya Sule, ni da na sha nono ɗaya da shi ban taɓa hawa ba har ya koma ga Allah.

Ba ni kaɗai ba ce. Ku tambayi Malam Idi mai shayi na bakin ƙofar makarantar, abokinshi tun suna yara. Yaya ba ya zuba wa motar fetur tana da zafi. Zama yake yi gefenta yana jira, kamar mai jiran kunu ya huce. Ranar nan ta huce, ya buɗe tanki, ya ɗauko jarka, sai ga Malam Idi ya sha sabuwar shadda zai je ɗaurin aure, taba a baki, ya biyo ya gaida abokinshi. Bai ƙarasa sallama ba Yaya ya ajiye jarka, ya suri ruwan da yake wanke ƙarƙashin motar da shi, ya sheƙa mashi tun daga hula har takalmi. Sannan ya ce, "Wa alaikumus salam."

Malam Idi yana tsaye ciyawa na zuba daga gemunshi ya ce, "Sule, mi na yi maka?"

"Wuta na kashe."

"Wannan 'yar wutar?"

"Ita ma gobara ba da girmanta ake haihuwarta ba."

Suka daina magana. Wa aka tura bikon Malam Idi? Ni. Na ce Yaya ya bi ni mu je tare, ya ce shi ba zai ba da haƙuri don ya hana mutum ƙonewa ba, in ma godiya ce Idi ya san inda yake. Na je ni kaɗai na durƙusa gaban teburin shayi a kan laifin da ban yi ba. Sun shirya daga baya. Malam Idi bai bar taba ba, amma tun daga nesa za ka ji shi yana cewa, "Ofareta, na kashe, in ƙaraso?"

Wanda ya fi ƙona mani rai shi ne na bikin autata Zainabu. Tsakiyar damina ne, filin bayan gidanmu inda za a yi wunin mata ciyawa ta kai gwiwa. Na roƙe shi, ya roƙi shugaban makaranta, aka amince. Aka ɗoro motar a akori-kura har Kurfi. Ni kuwa ba gidan da ban shiga ba a unguwa ina faɗin cewa filin bikin ɗiyata da mota za a yanke shi, kuma wana ne zai tuƙa.

Da asubar ranar wuni aka sheƙa ruwa. Gari ya waye, Yaya ya zagaya filin, ya shafa ciyawa, ya tsaya ya daɗe yana kallon kududdufin da ke can ƙasa inda filin ya gangara. Ya dawo ya ce, "Ba ni hawa."

Na ce, "Ba ka mi?"

"Ciyawa jiƙe take, ƙasa ta yi santsi, ga gangare, ga rami cike da ruwa. Taya na zamewa sai ciki. Sai ta bushe."

"Yaushe za ta bushe?"

"Allah ya sani. Ƙila gobe."

"Gobe an kai amarya, Yaya!"

Sai ga ƙanen mijina, Alhaji Mamman mai hatsi, wanda ke da manyan motoci. Ya ce shi da ya tuƙa tirela wannan abin wasan yaran ba zai gagare shi ba. Ya naɗe babbar riga ya haye. Ba makulli. Ya sa aka kira mai gyaran babur ya haɗa waya, aka yi ta fama, ko tari motar ba ta yi ba. Ashe Yaya ya riga ya zare wayar fulogi ya sa aljihu, yana zaune a kan turmi yana kallonsu.

Alhaji ya ce, "Malam Sule, ba ni abin nan, kar ka kunyata mu gaban surukai."

Ya ce, "Alhaji, in wanka kake so ga bayi can. Ba sai ka shiga kududdufi da motar mutane ba."

Ni dai kuka ya ƙwace mani. Na ce mashi in bai yanke ciyawar nan ba, ba ni ba shi. Ya tashi ya fita, na ce shi ke nan ya yi fushi ya tafi. Jim kaɗan sai ga shi da langalanga rungume, ya bi gida gida ya aro. Ya tuɓe riga, mutum da furfura, ya shiga fili ya fara sara. Abokan ango suka ji kunya suka shiga. Har Alhaji Mamman sai da aka ɗanƙa mashi ɗaya. Kafin azahar fili ya yi fes, aka kafa rumfuna, hannun Yaya duk ya yi bororo.

Motar kuwa tana gefe a inuwa, ja wur, ko ganye ɗaya ba ta yanka ba. Da dangin ango suka iso daga Dabawa, wata tsohuwa ta gan ta, ta rangaɗa guɗa, wai ashe har da mota a kayan amarya. Kafin in gyara zance labari ya zagaye taro. Na ruga wajenshi na ce, "Ka ga abin da ka jawo mani?"

Ya ce, "Ki ce masu ko za a ba amaryar, sai ta koyi duba baƙin mai tukuna."

Wannan ne mai sauƙin kan naku.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a asibiti, ni ke jinyarshi, kuma faɗanmu bai tsaya ba. Wata rana da hantsi na kawo mashi kunu ya kawar da kai, na fara zazzaga mashi, na tono na da da na yanzu, na ce tun da nake ban taɓa ganin mutum mai wahalar da jama'a irinshi ba. Ya bari na gama. Muryarshi ta yi ƙasa sosai lokacin, sai da na sunkuya.

Ya ce, "Binta, duk shekarun da na yi a kan motar nan, ga 'ya'yan mutane cike da makaranta, kin taɓa zuwa asibiti duba wanda na ji wa ciwo?"

Na yi ta lalube a raina, don na so in samo ko guda ɗaya. Babu.

Na ce, "Ka dai ji wa zukatan mutane."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wannan yana warkewa. Ki yafe mani naki."

Na ce na yafe, shi ma ya yafe mani. Ya karɓi kunun ya sha kaɗan, don dai in bar shi ya huta.

Ya Allah, ga bawanka Sule ya zo gare ka. Yadda bayinka suka rabu da shi da idanunsu da ƙafafunsu lafiya, ka sa shi ma ya tsallake lafiya. Ka yafe mashi kurakuranshi, ka yalwata makwancinshi, ka haɗa shi da iyayenmu cikin rahamarka. Mu kuma da muka yi ta yi mashi faɗa, ka ba mu haƙurin shirun da ya bar mana. Amin.