Jaririn Aro

Da aka haifi ɗana na fari bai yi kuka ba, sai da ungozomar asibiti ta sha fama kafin ya tsanyara. Da za a sallame mu ta ce irin waɗannan jarirai akan riƙa bibiyarsu, a kawo shi Gwarzo duk wata a ga ko wuyansa na tsayawa, ko yana bin abu da ido, don in da matsala a tare ta da wuri.

A Gude nake wankan jego, gidan iyayena. Ɗan fari kuwa kowa ya san dokarsa: ba na kallonsa a gaban mutane, ba na tambayar lafiyarsa, in ya yi kuka sai in yi kamar na maƙwabta ne. Don haka Inna, mahaifiyata, ita ce mai kai shi asibiti.

Wata uku ana lafiya. A na huɗu ta dawo tana huci, ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Wai wuyansa bai tsaya ba! A gaban matan Lakwaya fa malamar asibitin ta faɗa, har da wai a riƙa yi masa gashin wuya. Mu a zuriyarmu wa ya taɓa yin wuya sako-sako?"

Na sunkuyar da kai ina tsintar wake. Ita Inna ta ɗauki abin jarrabawa ce, kuma jikanta ya faɗi a bainar jama'a. Mu kuwa a wajenmu wanda ya faɗi jarrabawa ba karatu yake ƙarawa ba, mai zauna masa ake nemowa.

Matar kawuna tana da goyo sa'an nawa, wani ɓulɓul mai wuya kamar taɓarya. Da ranar asibiti ta zagayo, Inna ta aro shi, ta sa masa hular ɗana, ta rambaɗa masa kwalli, ta haye acaɓa. Da la'asar ta shigo da guɗa.

"Mun ci! Malamar da ke aiki yau har rawa ta yi da shi. Ta ce ya warware sarai, ba sai mun koma ba."

Aka yi ta barka, har da dafa shayi. Wanda aka sallama ɗin yana ɗaki a kan cinyata, kansa na lilo a tafin hannuna. Ban taɓa jin haushin kunya ba sai ranar, na ga za ta cinye mini yaro ina kallo.

Washegari na goya shi na fito tsakar gida. Inna ta saki muciya.

"Ke! Ɗan farin za ki saɓa ki ratsa gari? Ina kunyarki?"

"Inna, na bar miki ita ki ajiye mini."

A asibiti malamar jiya ta duba katinsa, ta kwantar da shi, ta kama hannayensa ta ɗago. Kansa ya koma baya. Ta daɗe tana dubansa.

"Baiwar Allah, ba wannan na sallama jiya ba. Gashi za mu fara yau ɗin nan. Ina uwarsa?"

Matan da ke kan benci duk suka juyo, da yawansu sun san gidanmu.

Na ce, "Ni ce. Nawa ne."