Ƙasar da na kai wa Baba

Shekarar da ƙafafun Baba suka ƙi ɗaukarsa zuwa gona, ni na baro Sakkwato na komo Kurawa don in riƙe noman gida. Ban iya jira ba, har yau ma ban iya ba. Hadari ya haɗu ya watse, in fita in shigo, in kwance sungumi in sake ɗaurewa, har Inna ta ce in zauna wuri ɗaya ko in bar mata gidan.

A garinmu Baba ne mai faɗin ranar shuka. In ruwa ya sauka sai ya tona rami da hannu. Jigawarmu rairayi ce, tana shanye ruwa nan take, samanta ya yi duhu kamar ta ƙoshi alhali ƙasanta a bushe. Sai danshi ya kai gwiwar hannu yake yarda a taɓa iri. Irin nan kuwa gero ne na kakanmu, dami ɗaya tak ya rage a rumbu, don yunwar bara ta ci saura.

Da ruwan farko ya sauka, masu babur suka zo da labari wai a ƙauyen Gangara an yi shuka. Haba! Sai na ji kamar ana tsikarina. Baba ya ce, "Tahi ka tona, ka ɗebo min ta can ƙasa in taɓa."

Na tona. Yatsa huɗu, sai busasshen rairayi. Na matsa gaba na sake tonawa, haka dai. Raina ya ɓaci. Mu kaɗai za a bari? Can gindin gawo akwai kwari inda ruwa ke taruwa, nan na zura hannu na cika hulata da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Baba ya dunƙule ta, ya murza, ya shinshina. "Wagga daga gwiwar hannu ta hito?"

Na ce, "Daga nan, Baba."

"To, ta sha. A sauke iri."

Kwana biyu muka gama. Maƙwabta uku suka bi mu, tunda Baba ya faɗa. Geron ya tsiro tsaf, har na fara taƙama. Daga nan sama ta ɗauke. Kullum ina gona tun safe, ina zagaye, ina kallon gabas har wuyana ya yi ciwo, tsiron yana nannaɗewa a gabana. Kafin ruwa ya dawo, ko ɗaya bai rage ba. Irin kasuwar Sabon Birni muka saya muka sake shuka.

Ranar Juma'a maƙwabtan suka zo zaure, ba da faɗa ba, jaje suka zo yi. Ina tsaye bakin ƙofa, ina jiran a tambaye ni. Ba wanda ya ko dube ni. Baba ya buɗe tafin hannunsa yana kallo.

"Ku gafarce ni," ya ce. "Hannun ga ya tsufa, ba shi gane danshi. Kada kowa ya sake tambayata ranar shuka."

Wallahi na buɗe baki. Tsoro da kunya suka rufe min shi, na koma ciki na ce wa Inna a kawo wa baƙi ruwa. Damina huɗu Baba ya ƙara a duniya, bai sake cewa a ɗebo masa ƙasa ba.