Kujerar Ɗan Azumi

Shekara goma sha tara Ɗan Azumi ya yi yana sa mutane barci a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Tasawa. Ma'aikacin jinya ne, ba likita ba, amma duk wanda za a yi wa aiki sai ya bi ta hannunsa. Ɗakin aiki ɗaya ne, na'urar numfashi ɗaya, sai wata 'yar kujerar ƙarfe a saitin kan mara lafiya. Kujerar nan tasa ce, ko mai shara ba ya matsar da ita.

Ya daɗe da gane cewa mutanen ƙauye ba wuƙa suke tsoro ba, rashin farkawa suke tsoro. Shi ya sa in zai yi allurar barci sai ya kama hannun mutum ya ce, "Hwaɗa mini awakinka, ɗaya bayan ɗaya." Ja, mai ƙaho guda, ɓarauniyar wake... ba a kaiwa ta huɗu. In mutum ya warke, danginsa su kawo zabuwa, don a wajensu wanda ya tashe ka shi ake yi wa godiya. Daga Urafane har Mayahi, zabi sun san hanyar gidan Ɗan Azumi.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Sau uku yana neman gurbin ƙaro karatu a Yamai, sau uku ana ce masa wuri ya cika: malamai kaɗan ne, ɗakunan aiki ba sa iya ɗaukar kowa da kowa. A na huɗu aka ce shekarunsa sun wuce.

To, ƙarancin wurin nan ne ya sa bara aka turo musu likita mai koyon aikin sa barci. Mutum ɗaya aka ce za su iya ɗauka, tunda kujera ɗaya ce. Sai ga Rufaida, wadda ba ta girmi 'yarsa ta fari ba. Shugaban asibiti ya ce, "Ɗan Azumi, kai za ka riƙa tsaya mata." Tsayawar kuwa ta gaske ce: ita a zaune, shi a bayanta kamar mai jiran mota.

Da ma a ce tana da girman kai, da ya sami abin kamawa. Ina! Kullum "Baba, ina kwana," "Baba, na yi daidai?" Ga hannu: jijiyar da yakan nema sau biyu, ita sau ɗaya take samu. Ya riƙa jiran ta yi kuskure, ba babba ba, Allah ya kiyaye, ɗan ƙarami dai wanda za a ce a kira Ɗan Azumi. In ya kama kansa yana wannan fata sai ya yi istigfari, gobe kuma ya sake. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya sani.

Wata Talata aka kawo wata dattijuwa daga Kona, sunanta Tanna, da ciwon cikin da sai an yi aiki. Tana ta cewa ba za ta farka ba. Ɗan Azumi ya buɗe baki ke nan sai ya ga Rufaida ta kama hannunta.

"Inna, hwaɗa mini awakinki, ɗaya bayan ɗaya."

Har da ɗan jan muryar da yake yi a ƙarshe! Bai taɓa koya mata ba, kunne kawai ta kasa ta ɗauke. Tanna ta yi barci a akuya ta uku, shi kuwa ya ji kamar an shiga ɗakinsa an sa rigarsa.

Bayan kwana tara, yana zaune a inuwa bakin ɗakin aiki, sai ga Ishaƙu, mijin Tanna, da zabuwa ɗaure a ƙafa. Ran Ɗan Azumi ya yi sanyi. Ya miƙe, ya gyara riga, ya miƙa hannu biyu.

Ishaƙu ya ɗora masa ita ya ce, "Sannu, malam. Nan kake aiki? Don Allah kai ma lokotoro, likitar ga mai tambayar awaki. Ka ce mata Tanna ta ce ba a taɓa yin irinta ba wurin ga."

Ɗan Azumi ya tsaya, zabuwa na ta fisge-fisge. Ya auna nauyinta, mai ƙiba ce, irin wadda ya saba kaiwa gida.

"To, za ta ji," in ji shi.

Ya nufi ofishin Rufaida, ya ƙwanƙwasa ƙofa da gwiwar hannu, don hannuwansa biyu duk suna riƙe da kayan wani.