Godiyar da Ta Ci Aikin Anti Bentsiwa

Shekara ashirin da shida Anti Bentsiwa ta yi tana cire ƙayar kifi a wani kamfanin kifin gwangwani a Tema ta ƙasar Ghana, sha ɗaya daga ciki kafaɗata na gogar tata. Ita ta koya mini riƙon wuƙa. Gajeruwa ce, 'yar ƙabilar Fante, baki kamar reza amma cikinta fari tas. In na yi nawa sai ta ce, "Dede, kifin nan ya riga ya mutu, ba sai kin lallashe shi ba." Sanyin ɗakin aiki ya lanƙwasa mata yatsu biyu, duk da haka babu yarinyar da ke cika tire kafin ita. Mijinta teku ta ci shi tun da daɗewa, da wuƙar nan ta raini 'ya'ya uku.

Da aka kawo sabbin injuna sai aka ce za a rage mutum arba'in. To, ragi ba yau aka fara ba. Amma da sunaye suka fito, ko makaho ya shafa ya san da walakin: duk mata, duk sun haura hamsin. Ni ce wakiliyar ƙungiyar ma'aikata a layinmu, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa kada wadda ta sa hannu a komai sai an zauna da ƙungiya.

Ashe manaja, Mista Lamptey, ya fi ni wayo. Ranar da na kai mahaifiyata asibiti ya kira su ofis, ga lemo mai sanyi, ga turmin atamfa mai tsada, wai kyautar daɗewa a aiki. Anti ta riƙe maganata, ta ƙi sa hannu a takardar barin aiki. Zanen kuwa ta karɓa. Wa ke mayar da hannun kyauta baya?

Kuma a wajen su Anti, kyauta ba ta cika sai ka yi sammako washegari ka je ka gode, da ɗan rakiya ya zama shaida. Ta ɗaura farin zane irin na murna, ta ja ƙanwarta suka tafi ofis. Ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode da jiya." Sakatariya ta ɗauki hoto.

Da na ji, kaina ya kusa fashewa. "Anti! Me ya kai ki?"

"Ke Dede, a daji aka raine ki? Mutum ya ba ni zane in kwana in tashi ban gode ba? Rigimar aiki daban, mutunci daban."

Ƙungiya ta kai ƙara, bayan wata biyar aka zauna shari'a a Akkara. Cikin arba'in ɗin, bakwai kaɗai ba su sa hannu ba. Lauyan kamfani ya ɗaga hoton.

"Mama, wannan ke ce?"

"Ni ce."

"Me kika je yi?"

"Godiya."

"Wani ya tilasta ki?"

Anti ta gyara zama, har da ɗaga kai. "Wa zai tilasta ni in gode? Da ƙafata na je."

Lauya ya koma ya zauna. Abin da ke ci mini rai har yau, duk alƙalan da ke kan kujerun nan sun san al'adar, iyayensu na yi. Suka sunkuyar da kai suna rubutu. Aka mayar da mata shida bakin aiki, ita aka ce da yardarta ta tafi.

A motar komawa ba ta yi kuka ba, ni na yi. Sai da muka kusa gida ta ce, "To me ya kamata in yi, Dede? In karɓa in yi gum kamar akuya?"

Yanzu tana zaune a gidan 'yarta a Ashaiman, yatsun sun ƙarasa sandarewa, ko dokunu, tuwon masarar nan, ba ta iya naɗewa a ganye. Watan jiya na kai mata sabulu da busasshen kifi. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallon ledar a cinyarta.

"Dede," ta ce, "kada ki jira ni gobe da safe. Na daina."